Buhu 200 a Takarda, 120 a Ƙasa

Baba, salama a gare ka cikin sunan Ubangiji. Don Allah a sakaya sunana da na ikilisiyarmu.

Ni malamin firamare ne a cikin garin Katsina, asalina daga wani ƙauye a yankin Malumfashi. Shekara 4 ke nan ina cikin masu ƙirga baiko, wato kuɗin da jama'a ke zubawa a sujada, bara kuma aka sa ni a kwamitin gini. Shekara 6 muna tara kuɗin sabuwar majami'a, har yau ginin bai wuce linta ba. A watan jiya aka kawo mini takarda in sa hannu cewa an sayi siminti buhu 200. Ni na tsaya aka sauke kayan, na ƙirga da kaina, buhu 120 ne. Na faɗa wa shugaban dattawa, ya ce sauran na tafe, in sa hannu kawai. Na sa. Har yau ban ga sauran ba. Da na bi tsofaffin takardu sai na ga ko kuɗin da aka tara wa 'yan'uwanmu da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyuka, babu inda aka rubuta wanda ya karɓa. Shekara 3 ba a karanta rahoton kuɗi a gaban ikilisiya ba. Wani ɗan'uwa ya tambaya, bayan sati biyu aka sa shi a horo, wai rashin biyayya.

Baba Fasto shi ya yi mini baftisma, shi ya ɗaura mana aure, da mahaifiyata ta kwanta asibiti shi ya fara zuwa. Shugaban dattawa kuma kawun matata ne. Zaɓen dattawa saura wata biyu, coci ya rabu, har ana cewa 'yan ƙasa da baƙi. Ɗaya ɓangaren sun ji ƙishin-ƙishin ina da takardu, suna ta bina in ba su su watsa a WhatsApp da Facebook. Matata kuka take yi, ta ce in na buɗe baki ta shiga uku a danginta. Wani dattijo ya ce kada in taɓa shafaffe na Ubangiji, ya ce kuma mu Kirista a Katsina 'yan tsiraru ne, kada in tona mana asiri maƙwabta su yi mana dariya. Tun da na sa hannun nan ban sake cin jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon da muke tarayya a kansu a coci. In yi magana, in yi shiru, ko in kwashi iyalina mu canza coci?

Ɗanka cikin Almasihu, daga Katsina.

*

Ɗana, salamar Ubangiji ta kasance tare da kai da iyalinka.

Sau uku na karanta wasiƙarka, kuma kowane karo a wuri ɗaya nake tsayawa, inda ka ce ka daina cin jibin Ubangiji. Babu wanda ya sa ka a horo, zuciyarka ce ta sa ka. Wanda lamirinsa ya kai shi nan ya riga ya san amsar tambayarsa, mai ƙarfafa masa gwiwa kawai yake nema. To, ga ni ina faɗa maka: ka yi magana. Sai dai magana zarar bunu ce, don haka zauna mu tsara ta tun daga tushe.

Tushen kuwa hannunka ne. Takardar nan mai cewa buhu 200 tana ɗauke da sa hannunka, kuma ranar da zance ya fashe ita za a fara ɗagowa. Za a ce ai ga shi shi ma ya sa hannu, ko dai rabonsa ne bai ishe shi ba? Kada ka jira a ɗago ta, kai ka riga kowa. Wannan kuskuren naka shi ne ƙofar da za ka shiga ta cikin mutunci, domin za ka je wa dattawa a matsayin wanda ya shaida abin da bai gani ba, yana neman gyara. Ka ce: ranar kaza na sa hannu a kan buhu 200 alhali 120 na ƙirga, an ce mini sauran na tafe, ban gan su ba, ina roƙon a nuna mini su ko a cire sunana. Wa zai iya kiran wannan rashin biyayya? Daga yau kuma alƙalaminka kada ya sake taɓa takardar abin da idonka bai gani ba, ko wane ne ya miƙo ta.

Sannan ka raba abin da ka gani da abin da kake zato. Ka ga giɓin buhu 80. Ka ga kuɗin 'yan gudun hijira babu sunan mai karɓa. Ka ga shekara 3 babu rahoto. Iyakar abin da ke hannunka ke nan, kuma ya isa. Ba ka ga Baba Fasto ya sa ko sisi a aljihu ba, ba ka ma san ko ya san zancen simintin ba. A zamana da coci na ga inda aka ranci kuɗin gini aka biya albashin fasto da ya taru, na ga inda aka cike kason da ake aika wa gunduma da shi, sai kunya ta hana a faɗa, aka rufe da rasit na ƙarya. Laifi ne, ba na wanke shi, amma maganinsa daban da na wanda ya gina gidansa da baikon gwauraye. Saboda haka kalmar "sata" da kalmar "ɓarawo" kada su fito daga bakinka, ko a ɗaka. Da zarar ka furta su, an bar zancen siminti an koma zancen tarbiyyarka, kuma a nan za su ci ka da yaƙi. Bulus ya gaya wa Timoti kada ya karɓi ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku. Masu son rufe baki a nan suke tsayawa, a 1 Timoti 5:19. Kai ka ci gaba da karatu: aya ta gaba ta ce masu nacewa da zunubi a tsawata musu a gaban kowa, ta bayanta kuma ta hana son kai da tara. Duka ukun naka ne, ka riƙe su tare.

Yanzu ga maganganun dattijon nan guda biyu. Ta farko mai sauƙi ce. Zancen kada a taɓa shafaffu yana cikin Zabura 105:15, gaskiya ne, amma ka karanta daga sama. Labarin su Ibrahim da Ishaku da Yakubu ake yi, lokacin da suke 'yan kaɗan suna yawo daga ƙasa zuwa ƙasa, Allah yana gargaɗin sarakuna kada su cuce su. Ayar da ke kare marasa ƙarfi daga masu iko, yau an juya ta tana kare masu iko daga tambayar marasa ƙarfi. Wanda ya fi kowa girmama shafaffe kuwa, Dawuda, dubi abin da ya yi a kogon En-gedi. Ya ƙi kashe Sarki Saul domin shafaffe ne na Ubangiji, amma ya yanki bakin rigarsa, ya fito ya ɗaga ƙyallen a fili, ya durƙusa ya kira shi ubansa, sannan ya gaya masa a kan idonsa cewa yana farautar ransa ba da haƙƙinsa ba. Ladabi cikakke, hujja a hannu, gaskiya kuma ba a haɗiye ta ba. Haka nake so ka yi. Ka tuna kuma da Eli firist. 'Ya'yansa suna aika bara da cokali mai yatsa uku ya tsamo naman hadaya daga tukunya, Eli ya sani, ya yi musu faɗa da baki amma bai hana su ba, hukuncin ya haɗa da shi.

Magana ta biyu ita ce mai nauyi, ba kuwa zan raina ta ba. Duk Kiristan da ya yi zaman Katsina ya san abin da dattijon yake nufi. Kai Bahaushe ne, kakanninka a ƙasar nan suke kwance, amma har yau in ka faɗi sunanka sai wani ya tambaye ka daga ina kuka zo. Mun san wahalar samun fili da takardar gina majami'a. Mutanen da ke jin an sa musu ido dole su so rufa wa juna asiri, wannan halin ɗan Adam ne, har akwai alheri a cikinsa.

Amma ɗana, asirin nan daga wa ake ɓoye shi? Alhajin da ya sayar da simintin ya san buhu nawa yaransa suka ɗora a mota, ya kuma san abin da ke rubuce a rasit. Direba ya sani. Magini da leburorinsa, waɗanda watakila rabinsu daga wurin aikin suke tafiya sallar azahar, sun san kwana nawa simintin ya yi ya ƙare. Mai shayin bakin hanya shekara 6 yana kallon gini a linta, ciyawa na fitowa a tagoginsa kowace damina, alhali kowace Lahadi yana jin ana kiran baikon gini a lasifika. Maƙwabta sun daɗe da sani. Waɗanda aka bari a duhu su ne masu zuba kuɗin. Rigimar dukiyar jama'a kuma ba baƙuwa ba ce a wurin kowa: duk inda aka tara kuɗi, coci ne ko masallaci ko ƙungiyar unguwa, wannan jarraba tana nan. Ban taɓa jin wani maƙwabci ya raina mutanen da suka zauna suka gyara lissafinsu ba. Abin da ke jawo raini shi ne a ji mutum yana wa'azin amana ran Lahadi, ran Litinin a gan shi yana neman a ƙara masa lamba a rasit.

Ka dubi yadda aka faro. A zamanin Turawa gwamnati ba ta barin 'yan mishan su yi wa'azi yadda suka ga dama a ƙasashen sarakuna. Ƙofar da ta buɗe a Katsina ta jinyar masu cutar kuturta ce, a Babbar Ruga, inda mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) ya karɓi aikin a ƙarshen shekarun 1930. Da wanke gyambo aka fara ba da shaida a ƙasar nan. Ikilisiyoyin ƙauyukan Malumfashi da Kafur da Matazu da daman dawa da gero na godiyar kaka aka raya su, da bulon ƙasa da mutane suka buga da hannunsu. Sai a 2023 Katolika suka sami dayosis ta Katsina, da bishop Bahaushe, Gerald Mamman Musa. Jama'ar da ta zo da kyar haka, ba ta da jarin da ya wuce suna mai kyau. Mai cin wannan jarin shi ne mai tona asiri, ko da babu wanda ya ce uffan.

Ni ma na taɓa zama a kujerar da kake kai. Shekaru da yawa da suka wuce ina magatakardan wata ikilisiya, muna tara kuɗin kwanon rufi. Akwai wata gwauruwa mai ƙuli-ƙuli da ba ta fashin baikon gini. Kuɗinta a ƙulle suke zuwa a bakin zane, da haƙori take kwance ƙullin, kuma in na zo ƙirga ina gane nata domin ƙanshin man gyaɗa suke yi. In mun haɗu a ƙofa takan ce, "Malam, yaushe za mu shiga inuwa?" Ni kuwa na riga na ga giɓi a littafi, amma mai riƙe da kuɗin abokin mahaifina ne, sai na yi shiru har shekara biyu ina cewa ai zai cike. Ta rasu ba a rufa ginin ba, a ƙarƙashin rumfar zana aka yi sujadar jana'izarta. Da maganar ta fashe, a bakin samari masu fushi ta fashe, ikilisiya ta dare gida biyu, dattijon da nake jin ina karewa ya bar garin da kunya a tsufansa. Da na je masa a watan farko, lokacin da kuɗin bai taka kara ya karya ba, da ya sayar da akuya biyu ya biya, babu wanda zai ji. Shiruna bai cece shi ba, tsawon igiya kawai na ƙara masa. Har yau abin yana cina. Don haka in kana tunanin alherin da Baba Fasto ya yi maka, da zumuncin da ke tsakaninka da kawun matarka, ka san cewa kai ne mai sauƙin da zai zo musu. Wanda zai zo bayanka ba zai yi sallama ba.

Waɗanda ke binka ka ba su takardu kuwa, kada ka ba su, ko hoto ɗaya. Shekara 3 ba a karanta rahoto ba, ina suke? Me ya sa sai yanzu da zaɓe ya matso? Kulki suke nema, kai kuma kake shirin zama kulkin. In suka ci zaɓe da takardunka, akwati ɗaya za su gada, da duhu ɗaya, kai kuma an gama da kai. Yahaya ya ambaci wani Diyotarifis a wasiƙarsa ta uku, mai son shugabanci, mai korar 'yan'uwa daga ikilisiya. Irinsa ba ya zama a ɓangare ɗaya kawai. In kana so ka gwada su, ka ce su sa hannu tun yanzu a kan ƙa'idar da za ta hau kan duk wanda ya ci, har da su. Mai gaskiya a cikinsu zai sa, sauran za ka ga sun fara kame-kame. Kai kuma ka faɗa a fili cewa ba ka neman kujera a wannan zaɓen, ko an ba ka ba ka so, domin kada a ce yunwar mulki ce ta buɗe maka baki.

Zancen 'yan ƙasa da baƙi shi ya fi ba ni tsoro a duk wasiƙarka. Shi ne bargon da mai giɓi yake shiga, domin da zarar an ce "namu" da "nasu", babu mai sake tambayar buhu nawa. A Ayyukan Manzanni sura 6 an yi irin wannan gunaguni: masu jin Helenanci suka ce ana tauye gwaurayensu a rabon abinci. Manzanni ba su sa kowa a horo ba. Suka tara jama'a, suka ce ku zaɓi mutum bakwai, suka sakar musu aikin, kuma duka bakwai ɗin, su Istifanas da Filibus, sunayen Helenawa gare su. Wato masu ƙorafin aka damƙa wa amanar.

To, yaya za ka bi? Ka fara da matarka, daren nan. Kada ta ji a bakin wani, kada kuma ka aike ta wurin kawunta, kada ka sa ta zaɓi tsakaninka da danginta. Ka nuna mata cewa sunan uban 'ya'yanta ne a kan takardar ƙarya, kuma tambaya za ka yi, ba zagi ba. Tsoronta gaskiya ne, a biki da suna ita za ta sha harara, don haka ka je ka gai da iyayenta, ka sanar da su cikin ladabi kafin su ji a gari. Daga nan ka sami kawu a gida, kai kaɗai, yadda Matiyu 18 ta koyar. Ka zauna a ƙasa kamar yadda ka saba, ka ce, "Baba, hannuna da na sa ya hana ni barci, ka taimake ni." Ka ba shi sati biyu. Sai ka je wurin Baba Fasto, shi ma shi kaɗai, ka gaya masa abin da ka gani da ranar da ka gani, ka kuma gaya masa cewa in ba a warware ba za ka rubuta wa majalisar dattawa. Kada matakinka ko ɗaya ya zo musu ba zato.

In sati biyu suka wuce shiru, ka rubuta. Shafi ɗaya ya isa, kwafi biyu, magatakarda ya sa hannu a naka da kwanan wata. Ka tafi da shaidu biyu masu nauyi, ɗaya daga kowane ɓangare, in da hali har da wata uwa daga zumuntar mata, domin a iya sanina littafinsu ya fi na maza tsabta kuma tsoro bai cika kama su ba. A wasiƙar kada ka nemi kan kowa, littafi za ka nema. A karanta rahoton shekaru 3 a gaban ikilisiya kafin zaɓe. A naɗa masu binciken kuɗi waɗanda ba sa cikin kwamiti. A kawo sunayen waɗanda suka karɓi taimakon 'yan gudun hijira, wannan ma ya fi simintin nauyi, domin haƙƙin mutanen da aka ƙone wa rumbu ne. Masu ƙirga baiko su zama uku, ana canza su, kuɗi su shiga banki ran Litinin, kada a fitar sai da hannu biyu ko uku. A kuma sake duba horon ɗan'uwan nan da ya yi tambaya. Kada ka manta da shi, ya riga ka shan wuya.

In an ce wannan rashin yarda da bayin Allah ne, ka buɗe 2 Sarakuna 12. Har shekara ta 23 ta sarautar Yowash firistoci suna karɓar kuɗin gyaran Haikali, gyara bai yiwu ba. Sai Yehoyada firist ya huda murfin akwati ya ajiye kusa da bagade, in ya cika magatakardan sarki da babban firist su zo tare su ƙirga su ɗaure. Wani zai nuna maka cewa a surar ba a nemi lissafi daga masu kula da aikin ba saboda amincinsu. Haka ne, amma su kowa yana ganin bango yana tashi. Bulus kansa, da zai kai gudummawa Urushalima, bai yarda ya riƙe jakar shi kaɗai ba, sai da Titus da ɗan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa, ya ce don kada wani ya sami abin zargi, ana so a yi daidai a gaban Ubangiji da gaban mutane. In manzo ya nemi a sa masa ido, wane ne zai ce an ci masa fuska? Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ƙa'ida ma garkuwa ce ga fasto mai gaskiya, ita ke rufe bakin masu tsegumi.

Ka nemi kundin tsarin mulkin ɗarikarku ka karanta sashen kuɗi da na horo, domin yawancin masu tsorata mutane da shi sun dogara ne da cewa babu mai karantawa. Kowace ɗarika tana da tsani. A ECWA akwai LCC, wato majalisar ikilisiyoyin yanki, sai DCC ta gunduma, har zuwa hedikwata a Jos. Angilika suna da acidikin, wato mai kula da fastocin yanki, da bishop da babban taronsu na sinod. A Katolika doka ta 537 cikin dokokin cocin ta wajabta wa kowace faris, wato ikilisiya, majalisar kula da kuɗi. A Baptis taron ikilisiya ne ke da ta cewa. Ka hau naku mataki-mataki, kowane mataki a rubuce. Ba zan ɓoye maka ba, a sama ma akwai siyasa, wani lokaci iyakar abin da za a yi a canza wa mutum wurin aiki a bar littafi yadda yake. Duk da haka ka hau, takarda tana da tsawon rai.

Facebook da WhatsApp kuwa, ka nisance su. Ɓata suna laifi ne a dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015 da aka sha kama mutane da ita a kan rubutu. Kana da gaskiya sai ka wayi gari kai ne a caji ofis. Kotu ma ba wurin gaggawa ba ce. Rikicin shugabancin Assemblies of God da ya ɓarke a 2014 sai da ya kai Kotun Ƙoli a 2017, a tsakani an yi ta rufe majami'u ana jan juna. Gwamnati ma ta gwada sa hannu: dokar kamfanoni ta CAMA da aka sa wa hannu a 2020 ta zo da sashe na 839 mai ba da damar dakatar da amintattun ƙungiya, Ƙungiyar Kiristocin Najeriya, CAN, ta yi tir da shi, aka tafi kotu. Na fahimci tsoron masu ƙin shigar gwamnati cikin coci, amma duk mai wannan ra'ayin wajibi ne ya fi kowa buɗe littafinsa ga jama'arsa. Abu ɗaya na ware: in aka yi barazana ga lafiyarka ko ta iyalinka, wannan ya fita daga zancen cikin gida, ka kai rahoto ga hukuma ranar.

Zai yi maka tsada, kada in yaudare ka. Mai yiwuwa a cire ka daga kwamiti, mai yiwuwa ka ji wa'azi a kan Yahuza maci amana ana kallon layinku, wasu da kuke cin tuwo tare su daina amsa gaisuwarka. Mai yiwuwa a sa ka a horo. In haka ta faru kada ka yi zuciya, ka zo sujada ka zauna a inda aka ce ka zauna, ka ɗaukaka ƙara a rubuce. Kada ka yi jayayya a ƙofar coci, kada ka rama habaici. Ka sami mutum biyu da za ku riƙa addu'a tare, kuna ambatar Baba Fasto da kawu da sunansu, domin fushi yana iya cinye mai gaskiya kafin gaskiyarsa ta yi aiki.

Canza coci ba yanzu ba. In ka tafi yau, sa hannunka yana nan a fayil, ɗan'uwan nan yana nan a horo shi kaɗai, masu ƙulla kuɗi a bakin zane suna nan suna zubawa. In ka bi duk matakan nan aka rufe kowace ƙofa, kuma ka ga bangaskiyar 'ya'yanka tana lalacewa, to kana iya tafiya da sallama a rubuce, ba tare da ka ja kowa ya bi ka ba.

Zancen jibin Ubangiji kuma: ranar da ka je wa kawu ka faɗi gaskiyar sa hannunka, ka furta laifinka ga Allah, ka sauke naka kayan. Kada ka jira sai an gano buhu 80 kafin ka koma teburin. Ka je wurin kawu cikin satin nan, kafin zaɓe ya ƙara matsowa, sannan ka rubuto mini ka gaya mini abin da ya ce, da yadda uwargida take.